Daga ayarin Bilma zuwa wayar hannu: wa ke riƙe da littafin bashin Dabaga?

Kusan kowane wata sai kamfanonin da ke yin manhajojin lissafin kasuwanci sun fito da sanarwar wani sabon abu. Yau a ce manhaja ta iya karanta rasit daga hoto, gobe a ce tana haɗuwa da asusun banki ta kwaso shige da ficen kuɗi da kanta, jibi a ce an saka mata mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira da za ka tambaya ya lissafo maka waɗanda kake bi bashi. Irin waɗannan tallace-tallace suna isowa har wayoyin matasan Dabaga, kuma na fara jin wasu iyaye, har da wasu malamai 'yan'uwana, suna cewa tunda waya ta iya lissafi, wahalar da yaro da haddar jadawalin ninkawa ta zama ɓata lokaci.

Ni malamin firamare ne, kuma ban yarda da wannan magana ba. Hujjata tana cikin tarihin ƙasar Abzin. A cikin shekara 170 da 'yan kai, abin da ake lissafi da shi a nan ya canza sau da dama, kuma kusan kowane sabon abu daga waje ya zo. A duk canjin, wanda ya iya duba lissafin da idonsa shi ke da bakin magana ranar biya. Wanda wani ke riƙe masa littafi kuwa sai abin da aka faɗa masa.

Ga wanda bai san wurin ba, Dabaga tana arewa maso gabas da Agadas, ƙasa da kilomita 50, a bakin ƙoramar Telwa, cikin gundumar Cirozerin. Mutanenta Abzinawa ne, da Tamajak suke magana a gida, amma in ciniki ya kai kasuwar Agadas, Hausa ce ke aiki. Abincin garin daga garka yake fitowa: albasa, dankalin turawa, tumatir, tafarnuwa, alkama da masara.

Lokacin da littafin yake cikin kai

Kafin garka ta zama sana'ar neman kuɗi, babbar sana'ar mazan Abzin ita ce ayarin gishiri. Da kaka, wajen watan Oktoba, raƙuma kan tashi ɗauke da gero su ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Agadas. A can a musanya gero da kantun gishiri da dabino. In an dawo gida an ɗan huta, sai a gangara kudu, Damargu da Damagaram har Kano, a sayar da gishirin, a sayo gero da tufafi, a komo kafin damina. Bajamushe Gerd Spittler, wanda ya zauna da Kel Ewey na Timiya, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan zagaye.

Duk wanda ya yi tunani zai ga cewa wannan sana'a bashi ce daga farkonta har ƙarshenta. Wanda ba zai iya tafiya ba yakan ba wa ɗan'uwansa raƙumi ko gero amana. Mai gishiri a Bilma yana da abokin cinikin da yake jira duk shekara. A kudu kuma akwai maigidan da ake sauka wurinsa, da dillalin da ke nemo mai saye. Madugu da fatakensa suna riƙe da wannan duka a ka, kuma abin da ke tsare lissafin shi ne shaidu: an yi magana a gaban mutane, kuma mutanen nan za a sake haɗuwa da su baɗi. Abzinawa suna da rubutunsu na Tifinag tun da can, amma ƙarfin cinikin ayari yana wajen hadda da shaida.

Wannan tsari yana da kyau guda wanda ya kamata mu riƙe. Mai bashi da wanda ake bi duk sun san adadin, kuma kowannensu zai iya maimaita lissafin daga farko ba tare da taimakon kowa ba.

Wuri, miskali da gero

Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, ya shiga Agadas a watan Oktoban 1850. Abin da ya tarar ya isa darasin lissafi guda. Ana yanka farashi da miskali, wanda asalinsa ma'aunin zinariya ne, ana ƙiyasta shi a wuri 1,000. Amma a cikin kasuwa, abin da ke wucewa daga hannu zuwa hannu a matsayin kuɗi yawanci gero ne. Harajin Sarkin Abzin a kan kayan raƙumi guda na hajar da aka shigo da ita gari miskali 10 ne, daidai da dala 4 ta azurfa. Ke nan ɗan kasuwar Agadas na wancan zamani yana juya ma'auni uku ko huɗu a kansa kafin ya sallama kaya.

Daga nan Barth ya bi ayarin gishirin Kel Ewey zuwa kudu. A Tasawa, farkon 1851, ya ga yadda ake ƙirga wuri: biyar-biyar ake ja da yatsu, a tara su tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000. Ya ba da labarin ƙirgar wuri 500,000 da sai da mutum biyar ko shida suka taru a kai. Hausa tana da sunayen waɗannan adadi: hauya wuri 20, zangu 100, zambar 1,000, keso 20,000. A Kano a wannan shekara, dala guda ta azurfa wuri 2,500 ce.

Wurin kansa baƙo ne, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka fara kawo shi. Ya sauƙaƙa ƙaramin ciniki ƙwarai, domin ko mai ƙosai tana iya ba da canji. Sai dai attajirin da ya karɓi keso goma bai isa ya ƙirga shi kaɗai ba, dole ya ɗauki masu ƙirga. Abin da ke kare shi daga cuta shi ne ya san yadda ake ƙirgar, ya iya zaɓar tsibi guda ya sake bi.

Takarda da tawada

A gefen ayarin gishiri akwai wani ciniki mai nisa da ke ratsa Abzin: na Larabawan Gadamas da Gat da Tarabulus, masu kai hauren giwa da gashin jimina da fatu arewa, su kawo yadi da sukari da takarda kudu. Su waɗannan da rubutu suke aiki. Wasiƙun da 'yan kasuwar Gadamas suka yi musaya da wakilansu na Kano da sauran garuruwa suna nan har yau, an ma buga wasu: kaya kaza aka aiko, an sayar a kan kaza, wane ya biya, wane ya rage. Takardar da ake rubutun a kai yawancinta daga arewacin Italiya take zuwa, mai tambarin jinjirin wata uku, irin wadda ake samu a tsofaffin littattafan malamanmu.

Addini ma ya ƙarfafa wannan ɗabi'a. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa masa shaidu. Akwai abin lura a cikinta: wanda ake bi bashin shi ne aka ɗora wa yin shibtar abin da za a rubuta. Wato ba a bar mai ba da bashi ya rubuta abin da ya ga dama shi kaɗai ba.

To amma takarda ta kawo bambanci tsakanin mutane. Balaraben da ya ɗauki hayar raƙuman Ba'abzine yana da wasiƙa da lissafi a rubuce, mai raƙuman kuwa yana da haddarsa da shaidunsa. In gardama ta kai gaban alƙali bayan shekara biyu, shaida na iya mutuwa ko ya yi nisa, takarda kuwa tana nan. Daga nan ne iya karatu ya fara zama jari a kasuwa.

A can ƙasar da takardar ke fitowa, a birnin Benis, an buga littafin Luca Pacioli a 1494, wanda ya bayyana tsarin rubuta lissafi gida biyu. Kowane kuɗi sau biyu ake rubuta shi, inda ya fito da inda ya tafi, kuma in jimillar gidajen biyu ba ta zo daidai ba, to akwai kuskure a wani wuri. Duk manyan manhajojin da ake tallatawa yau a kan wannan tsari aka gina su.

Dala ta tsaya, littafi ya koma Faransanci

Faransawa sun kafa zama na dindindin a Agadas a 1906. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kayan Turai suka koma shigowa ta teku, cinikin Tarabulus ya durƙushe. Ƙwace raƙuma da harajin dole suna cikin abubuwan da suka haifar da yaƙin Kawsan, wanda ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917. Ramuwar da ta biyo baya ta watsa mutanen Abzin da dabbobinsu.

A fagen lissafi, abin da mulkin mallaka ya kawo shi ne lanho da ake biya da kuɗin Faransa, da rajistar da aka rubuta cikin harshen da mai biya ba ya ji. Sunansa yana ciki, yawan iyalinsa da dabbobinsa suna ciki, amma sai ta bakin tafinta zai san abin da aka rubuta a kansa.

Mutane kuwa ba su saki ma'auninsu ba. Sunan dala, wanda a da ake kiran babban kuɗin azurfa da shi, irin mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, sai ya koma kan kuɗin faranka 5. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, amma har gobe a kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga: dala ashirin faranka 100, dala ɗari faranka 500, jika guda faranka 1,000. Takarda tana magana da faranka, baki yana magana da dala. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faranka guda ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100. Ina ɗan makaranta a lokacin, kuma na tuna masu kanti da suka ci gaba da sayar da kaya a tsohon farashi suna murnar ciniki, sai da suka je saro sabo suka tarar kuɗin hannunsu ba ya maido rabin abin da suka sayar. Lissafin tarawarsu daidai yake. Abin da ya kuɓuce musu shi ne bambancin kuɗin da ke cikin akwati da uwar kuɗi.

Garka, inji da kaye

Noman garka tsoho ne a Abzin, da rijiyar da sa ko raƙumi ke jan gugarta. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe dabbobi, makiyaya da yawa suka koma bakin ƙorama. Ma'adinan yuraniyom na Arlit, da suka fara aiki a 1971, da kamfanin kwal na SONICHAR a Cirozerin, sun samar da masu albashi da ke sayen kayan lambu. Kwaltar da ta haɗa Tawa da Agadas da Arlit wajen 1980 ta buɗe hanyar kudu. Albasar Abzin kuma tana da sa'a guda: da damina ake nomanta, ta fito kasuwa a ƙarshen shekara, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, har manyan motoci su ɗauke ta zuwa ƙasashen bakin teku.

Da injin ban ruwa ya maye gurbin raƙumi, lissafin mai garka ya canza gaba ɗaya. Raƙumi ciyawa yake ci, inji kuwa fetur yake sha, kuma fetur da tsabar kuɗi ake sayensa wata uku ko huɗu kafin a ga kuɗin albasa. Ga iri, ga taki, ga maganin ƙwari, ga ladan 'yan ƙwadago, ga buhuna da kuɗin mota. Wanda ba shi da ajiya sai ya karɓi kuɗi ko kaya a hannun ɗan kasuwa, da alkawarin biya in albasa ta fito. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, wannan ba abin kunya ba ne. Tambayar ita ce a kayen wa aka rubuta shi, wato littafin nan na 'yan makaranta mai shafi 100 ko 200 da ya zama rumbun lissafin kowane kanti da kowace koperatif.

A gidaje da yawa, wanda ke riƙe wa uba kaye ɗansa ne ɗan aji biyar ko shida. Ke nan abin da muke koyarwa a aji game da kuɗin saye da kuɗin ɗawainiya da riba yana aiki a gida da maraicen ranar, a kan kuɗin gaske.

Kaye yana da rauninsa. A farkon Satumbar 2009 ruwa mai yawa ya sauka a kan duwatsu, Telwa ta cika ta ɓalle, ta yi ɓarna a Agadas da Dabaga da maƙwabtansu, ta binne garake da rijiyoyi da injuna. Na san mai kantin da ruwan ya tafi da littafin bashinsa. Wasu sun zo da kansu suka faɗi abin da ake binsu, wasu kuwa shiru har yau.

Abin da doka ke nema

Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, mai daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka 17, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ta 17 ga Oktoba 1993. Tsarin lissafinta na yanzu, SYSCOHADA, an sabunta shi a Brazabil ranar 26 ga Janairu 2017, ya fara aiki 1 ga Janairu 2018. A cikinsa an ware wa ƙananan sana'o'i tsari mai sauƙi da ke bin shigar kuɗi da fitarsu: mai saye da sayarwa da cinikinsa na shekara bai wuce sefa miliyan 60 ba, mai sana'ar hannu miliyan 40, mai aikin hidima miliyan 30. Kusan duk kantunan ƙauyukanmu a nan suke. Abin da dokar ke nema a wurinsu bai yi nisa da kaye mai tsabta ba: rana, dalili, abin da ya shigo, abin da ya fita.

Tun farkon shekarun 2020 kuma hukumar haraji ta ƙasa ta kawo faktir mai shaida, wanda ake fitarwa da na'ura ko ta intanet a tsarin SECeF, da wata alama da ake dubawa da waya a tabbatar da ingancinsa. Mai sayar da buhu a bakin rijiya wannan bai shafe shi kai tsaye ba. Amma duk mai son ya yi ciniki da ma'aikatar gwamnati ko babban kamfani zai tarar da shi a gabansa. Wannan ya nuna mana cewa lissafi ta intanet yana tafe ko mun so ko mun ƙi.

Sababbin abubuwa, a ma'aunin Dabaga

Lissafi a kwamfuta ya fara yaɗuwa da VisiCalc a 1979. An kafa Sage a Ingila a 1981, QuickBooks ta fito a Amurka a 1992, ta hau intanet a 2001, aka kafa Xero a Niyu Zilan a 2006. A Indiya kuma aka yi Khatabook da OkCredit, waɗanda ba su yi komai ba illa mayar da littafin bashin mai kanti cikin waya. Bari mu ɗauki abubuwan da ake tallatawa yanzu mu auna su da halin da muke ciki.

Ajiye littafi a intanet abu ne mai amfani na gaske. Da akwai shi a 2009, da ruwa bai tafi da bashin kowa ba. Waya ta faɗa rijiya, a sayi wata, a shiga da lambar sirri, lissafi ya dawo.

Na biyu a amfani, a ganina, shi ne tarihin gyara. Manhaja mai kyau tana nuna wanda ya taɓa wani adadi, da ranar da ya taɓa, da abin da yake kafin a taɓa. Ga koperatif mai mambobi 60 da ma'aji guda, wannan yana yin aikin shaidun da madugu ke kafawa.

Karanta rasit daga hoto an gina shi ne a kan rasit bugagge, mu kuwa yawancin cinikinmu da baki ne. Haɗuwa da banki tana aiki ga wanda kuɗinsa ke bi ta banki, alhali a nan tsaba ce, sai kuma aike ta NITA ko Amana ko Airtel Money. Duk abin da manhaja ba ta gani da kanta ba, mutum ne zai shigar mata da hannu.

Saƙon tunatar da bashi da ke tafiya da kansa ta WhatsApp yana buƙatar hankali. Saƙo ɗaya ne zai je wa yaron da ya karɓi sabulu da kuma dattijon da ya yi wa mai kantin waliccin aure. Inji bai san surukuta ba.

Sai batun juya kuɗin ƙasashe. Manhaja ta san sefa da naira da sidi da dinari, amma babu dala tamu a jerinta. Ga misalin da nake ba ɗalibaina. Uba ya ce wa ɗansa an sayar da buhu 40, kowane buhu dala dubu biyu. Yaro ya buga 2,000 sau 40, waya ta ba shi 80,000. Alhali dala dubu biyu jika goma ce, faranka 10,000, jimilla 400,000. In uban ya karɓi bashin jika 150 na fetur da taki, waya za ta nuna masa har yanzu ana binsa 70,000, a gaskiya kuwa shi ke da sauran 250,000. Manhajar ba ta yi kuskure ba ko kaɗan, kuma za ta zana masa hoton asarar da launi mai kyau. Wanda zai ga lissafin dokin Rano ne shi ne wanda ya ƙiyasta a kansa tun kafin ya taɓa waya cewa buhu 40 a jika goma-goma ba zai gaza jika 400 ba.

Haka zancen mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira, irin Intuit Assist da aka sanar a 2023 da Sage Copilot a 2024. Yana rarraba kashe-kashen kuɗi gida-gida, yana ba da amsa da lafazin wanda ya tabbata. In ya saka bashin da aka karɓo a gidan riba, mai sana'a zai ci uwar kuɗinsa yana ganin riba yake ci. Wannan shi ne tafintan zamaninmu: yana da amfani ƙwarai ga wanda ke jin kaɗan daga harshen da ake fassara masa.

Littafin na wa ne?

Kaye in ka saya ya zama naka. Manyan manhajojin intanet kuwa haya ake yi, ana biya wata-wata, sau da yawa da katin banki. In biya ya tsaya, ƙofa na iya rufewa. Kamfanin ma yana iya tashi. A 2023 Intuit ya janye QuickBooks daga Indiya, ya kuma rufe ta a Faransa a ƙarshen shekarar, aka ba masu amfani da ita wa'adin kwashe bayanansu. In kamfani zai iya barin kasuwa irin ta Indiya don lissafinsa bai fita ba, babu wanda zai yi mana alkawarin zai zauna saboda Abzin. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka duk uban da ɗansa ko wani ɗan talla ya kawo masa manhaja, ya yi tambayoyi kafin ya yarda. Zan iya fitar da littafina gaba ɗaya a takarda ko a fayil duk ranar da na so? Tana aiki in babu rezo, ta aika daga baya? Da lambar wayar wa aka buɗe asusun, kuma wa ya san lambar sirri? Wannan ta ƙarshe ta fi muhimmanci, domin yaran da ke buɗe wa iyayensu asusu su ne kuma masu tafiya wuraren haƙar zinariya ko Aljeriya da wayar a aljihu. In ɗan kasuwar da ke ba da bashi shi ne mai manhajar, to mai garka ya riƙe nasa kayen, a riƙa gwada su biyun duk ranar da aka ƙara karɓar wani abu.

Aikin da ya rage wa makaranta

Kada a ɗauka ina gaba da waya. Wani bincike da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi a 2009 da 2010, a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, ya nuna cewa manyan da aka haɗa musu yaƙi da jahilci da koyon amfani da wayar hannu sun fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Amma a lura, a cikin aji aka yi wannan, da malami a tsaye. Wayar ta zo ne a kan karatu.

A makarantar horon malamai an koya mana darasin saye da sayarwa da misalan da ke cikin littafi. Ina roƙon 'yan'uwana malamai mu sauko da shi garka. A yi lissafin da buhun albasa da litar fetur da farashin da yara suka jiyo a gida. A riƙa juya dala zuwa faranka da faranka zuwa dala da baki, minti biyar kowace safiya, har ya zama jiki. Kafin yaro ya ɗauki alli ko na'ura, ya fara faɗin inda yake tsammanin amsar za ta faɗa. Kowane ɗan aji biyar da shida ya ja kaye mai gida biyar: rana, bayani, shiga, fita, saura. Kuɗin koperatif ɗin makaranta ya isa abin gwaji, yara biyu su riƙe littafi kowane wata, wasu biyu su bi bayansu su duba, a karanta sakamakon a gaban aji. A ware musu shafi daban na bashi, su gane tun yanzu cewa kuɗin da aka ranto ba riba ba ne. In makaranta tana da waya ko kwamfuta, sai a shigar da wannan lissafin a ciki daga baya, a gwada na hannu da na inji.

'Yan mata su kasance a sahun gaba a wannan aiki. Iyayensu mata ne ke riƙe da awaki da cuku da tabarmi da adashi, kuma su ne suka fi zama a gida lokacin da maza suka yi nisa, kamar yadda yake tun zamanin ayari.

Iyaye kuma ga naku. Ko ba ka yi boko ba, ka fi ɗanka iya lissafin ka, domin kai ka gaji haddar fatake. Ranar ƙarshen wata ka zaunar da shi ya karanta maka littafin da ƙarfi, layi-layi, da dala, ko daga kaye ne ko daga waya. Inda adadinsa ya saɓa da wanda ke kanka, ku tsaya a nan har ku gano dalili. Kuma in lokacin cire albasa ya zo hannu ya yi ƙaranci, a yi haƙuri a bar shi ya je makaranta, domin a watannin nan ne ake kafa harsashin lissafin shekara, kuma shi ne zai zauna gaban ɗan kasuwa da littafin gidanku nan da shekara goma.

Allah Ya sa albarka a garake da kasuwanni, Ya ba yaranmu ilimi mai amfani.